Tseren keke: idan doka ta sauya, wa ke biyan kuɗin?

Daga ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, mai mazauni a Suwizalan, ta fara aiki da sababbin dokoki kan kayan keke. A tseren kan titi, faɗin kan keke ba zai gaza santimita 40 ba. Hukumar ta ce hakan zai rage haɗurra. Mata masu tsere da dama sun koka, domin kafaɗunsu ba su kai wannan faɗi ba.

UCI ta kuma so ta gwada ƙayyade girman giya a wata gasa a China cikin Oktoban 2025, amma kamfanin SRAM ya kai ƙara, hukumar kula da gogayyar kasuwanci ta Beljiyam kuma ta dakatar da gwajin.

Wannan taƙaddama ta daɗe a tseren keke mai taya ɗaya, wanda aka fara gasarsa ta duniya, Unicon, a Amurka a 1984. Wannan keke ba shi da kaca. Ƙarfen feda a jikin taya yake. Idan ƙarfen ya gajarta, ƙafa za ta riƙa zagayawa da sauri, gudu ya ƙaru. Shi ya sa hukumar wasan, IUF, ta ce a rukunin taya mai inci 24 kada ƙarfen ya gaza milimita 125. A rukunin manyan tayoyi kuwa, kowa ya saka abin da ya ga dama. Manufar ita ce a auna ƙarfin mutum, kayan aiki su zama iri ɗaya.

A keke mai taya biyu ma gajeren ƙarfe ya shigo yayi. Tadej Pogačar, wanda ya lashe gasar duniya a Kigali cikin Satumban 2025, karo na farko da aka yi ta a Afirka, yana amfani da mai milimita 165, alhali an saba da 170 zuwa 175.

Me ya haɗa wannan da matashin Sae Sabuwa ko Gidan Rumji? Kekensa yawanci na hannu ne, daga kasuwar Maradi. Dokar da ta daɗe ba ta sauya ba tana taimakonsa, tunda abin da ya saya bara zai yi masa bana. Amma duk sauyi sayayya ce sabuwa: babbar ƙungiya a Turai ta musanya kaya cikin mako guda, shi kuwa sai ya jira kuɗin gyaɗa ko wake bayan kaka.

Don haka masu shirya tsere a jihar Maradi su ɗauki darasin masu taya ɗaya: a raba rukuni bisa irin keke, a sanar da doka tun da wuri, a bar ta ta zauna. In ba haka ba, mai kuɗi ne zai riƙa cin kofi.