Kujerar Illela a Majalisar Dokokin Sakkwato: Mutum Muke Zaɓa ko Alama?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon arziki ka sam mini ɗan fili a jaridarka mai farin jini, domin in yi magana a kan kujera ɗaya daga cikin kujeru 30 na Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, wato tamu ta Illela, wadda na daɗe ina ganin yadda ake cika ta, wani sa'i ina tsaye cikin layi kamar kowa, wani sa'i kuwa ina zaune bayan tebur da tawada da littafin rajista, saboda a da malaman makaranta irina ake ɗauka aikin zaɓe.

Farkon abin da na shaida da idona shi ne zaɓen 1979, lokacin muna ƙarƙashin Gwadabawa, jihar kuma ba a yanke mata Kebbi da Zamfara ba, majalisarta tana da kujeru 111. A wannan shekara an ware wa zaɓen 'yan majalisar jiha ranarsa, 21 ga Yuli, na gwamna ya biyo baya da mako guda, saboda haka duk wanda ya fito ran nan ya san wakili ya zo zaɓa. Amma ko a sannan ɗin, ban manta da wata dattijuwa ba, wadda ta zo lulluɓe, karonta na farko ke nan a rumfar zaɓe, ta riƙe takardar a juye, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ina gidan nan mai masara?" Na ce mata, "Inna, doka ba ta yarda in nuna miki ba." Ta ce to ai ita ba ta zo neman doka ba, an dai ce mata gida da masara. Ta lalubo shi da kanta, ta dangwala, ta yi tafiyarta, ba ta tambayi sunan ɗan takara ba. NPN ta Alhaji Shehu Shagari, mai alamar gida da masarar, ta kwashe mafi yawan kujerun, GNPP ta Waziri Ibrahim ta tsira da kaɗan, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamna.

Ban kawo labarin dattijuwar nan don in yi mata dariya ba, Allah ya ji ƙanta, domin da na waiwaya na ga abin da ta yi shi mu masu karatu muka yi ta yi har yau, sai dai mu muna yi da takarda a miƙe. Soja suka rushe majalisar a ƙarshen 1983. Da aka dawo a Disambar 1991, aka yi ƙato bayan ƙato a filin makaranta, kowa yana ganin layin da maƙwabcinsa ya bi, NRC ta ci jihar da Malam Yahaya Abdulkarim, ba a yi shekara biyu cur ba aka sake rushewa. A 1999 masara ta dawo, wannan karon a tutar APP ta Alhaji Attahiru Bafarawa. A 2007 Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko ya bar gidan ya shiga lemar PDP, jama'a suka bi shi. A ƙarshen 2013 ya ɗauki tsintsiyar APC, suka sake bin sa, har wanda jiya yake rantsuwa ba zai fita inuwar lema ba ya wayi gari yana kaɗa tsintsiya a tashar Sakkwato. Mutanen su ne dai, garin shi ne, alamar kawai ake sauyawa, kuma kowane sauyi daga birni yake zuwa mana kamar labarin ganin wata.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin taƙlidi, suka ce ya halatta ga ba'ame, wanda ba shi da ikon ciro hukunci daga hujja, ya bi malamin da ya amince da iliminsa da adalarsa. Amma ban taɓa jin wanda ya ce ya bi ido rufe ba tare da ya san wa yake bi ba, balle a mas'alar da shi ne ya fi kowa saninta. Mutumin Kalmalo ya fi na birni sanin halin da tafkinsu yake ciki, na Araba da Gidan Hamma da Tozai sun fi kowa sanin ajin da rufinsa ya yaye da ɗakin shan maganin da babu ma'aikaci, to ina dalilin da zai sa a miƙa wuya ga wani ya zaɓar musu wakili? Illa dai abin ya ƙara tsananta ne tun da aka mai da zaɓen ɗan majalisa rakiyar na gwamna, ana yin su rana ɗaya, kamar yadda aka yi a 2007 da 2015 da 2019 da 2023. A ba ka takarda biyu, hankalinka yana kan ɗaya, 'yan jam'iyya kuma suna ta kiran "sak" a bakin rumfa. A 2011, da aka yi na majalisa shi kaɗai saboda wa'adin gwamna bai cika ba, a rumfarmu ina iya ƙirga mutanen layin daga inda nake zaune.

Sau ɗaya ne a sanina al'amarin ya ɗan fita daga wannan hanya, shi ma in an duba da kyau ba fita ya yi ba. A Agustan 2018 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya koma PDP, 'yan majalisa 18 suka bi shi, 12 suka tsaya a APC. Da aka zo zaɓen 2019 ya tsira da kujerarsa da ratar ƙuri'a 342 kacal bayan zagaye na biyu, alhali APC ce ta fi yawa a majalisar, da 16 a kan 14, wakilinmu na Illela kuma, Alhaji Bello Isa Ambarura, ya zama shugaban masu rinjaye, kafin ya wuce Majalisar Wakilai ta Tarayya a 2023 a kujerar Illela da Gwadabawa. Wasu suka ce ga shi nan talaka ya waye, ya raba gwamna da majalisa. Ni kuwa a ganina gidajen siyasa biyu ne suka ja daga a birni, kowane gari ya bi gidan da ya yi wa mubaya'a. Duk da haka na ji daɗin shekarun nan, domin an ga majalisar da gwamna ba ya iya wuce ta sai ya yi sallama.

Akwai kuma wani ruɗu da ya keɓanta da mu mutanen bakin iyaka. Abincinmu yana rataye ne da hanyar Ƙonni da kasuwar Lahadi, inda shanu da raƙuma da wake suke shigowa, hatsi da kayan masarufi suke fita. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, na ga 'yan kamasho da 'yan dako da masu tuƙa kabu-kabu zaune ƙarƙashin manyan motocin da suka yi layi, suna wasan dara da tsakuwa tun hantsi har la'asar. Saboda haka duk ɗan takarar da ya hau mumbari ya ambaci iyaka, sai tafi ya ɓarke. To amma, Malam Edita, iyaka da kwastan ba su cikin hurumin majalisar jiha ko kaɗan, na gwamnatin tarayya ne. Abin da ke hannun wakilinmu shi ne kasafin kuɗin jiha, da dokokin da suka shafi ƙananan hukumomi da kasuwanni da makarantu, da bin diddigin inda kuɗin suka shiga. A kan waɗannan ban taɓa jin an tsare wani da tambaya a dandali ba. Abin da ake tambayarsa shi ne ragon suna da kuɗin magani da kujerar Makka, in ya bayar ya zama mutumin kirki.

Wata mas'alar da nake so masana shari'a su warware mini a shafinka ita ce ta adadi. Sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ta ninka kujerun da jihar take da su a Majalisar Wakilai sau uku ko sau huɗu, muddin ba ta gaza 24 ba kuma ba ta haura 40 ba. Sakkwato tana da 11, ke nan mafi ƙaranci 33, ga shi kuwa muna da 30 tun 1999. Maƙwabtanmu Gada da Gwadabawa kowace tana da kujera biyu, haka Sabon Birni da Bodinga da Tambuwal, mu muna da ɗaya. Ba na musun cewa Gada da Gwadabawa sun fi mu jama'a a ƙidayar 2006, wadda ta ba mu kimanin mutum dubu 150, ba kuma cewa nake lallai sai mu za a ba ƙarin ba. Amma tsarin mulkin nan ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba rabon mazaɓu, gari kuma ya tumbatsa har gonakin da na sani ina yaro sun zama unguwanni.

Roƙona gare ka shi ne, kafin zaɓe mai zuwa ka sa wakilinku na Sakkwato ya shiga ma'ajiyar takardun majalisa, ya buga mana a shafi guda ƙudurorin da kowane wakilin Illela ya gabatar tun daga 1999, da ƙuri'un da ya samu gunduma gunduma. Ni na ɗauki alkawarin sayen kwafi goma, in kai majalisar mai shayin bakin tasha, in karanta wa waɗanda ba su iya boko ba.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Illela, Jihar Sakkwato.