Kafin a tayar da injin yanke ciyawa, ina yara?

Damina ta yi nisa, ciyawa ta cinye bakin kwata da gindin katanga tun daga Kwamba har Madalla. Yanzu ba kowa ke neman lauje ba. Sai a kira mai injin nan da ake ratayawa a kafaɗa, kafin a sauke tukunya ya gama. Ban ga laifin haka ba, don duhun ciyawa maɓoyar maciji ce.

Amma makon jiya wata uwa ta shigo mana kantin magani da ɗanta ɗan shekara 6, idonsa ɗaya a rufe yana zubar da hawaye. Kallon mai injin yake yi, tsakuwa ta tashi ta same shi. Maganin ɗigawa ta nema. Na hana ta, na ce maza ta wuce asibiti. Ranta bai so ba.

Ga dalilina. Wasu daga cikin magungunan da ake ɗigawa don jan ido suna ɗauke da sinadari irin su dexamethasone. Idan ƙwayar ido ta karce, musamman da ƙasa ko guntun ciyawa, irin wannan magani kan ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa har a rasa gani. Kada ku murza idon, kada ku ciro abin da ya cake. Ban da nonon uwa, ban da ruwan sukari, ban da kwalli. Ku kifa gindin kofin roba mai tsabta a kan idon, ku liƙe ba tare da dannawa ba. Don zafi a ba da paracetamol. Aspirin da ibuprofen na iya ƙara zubar jini. A ranar ku kai shi Babban Asibitin Suleja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

Maigida, kafin a ja igiyar injin, ka zagaya ka tsince duwatsu, ƙusoshi da fasassun kwalabe. Masu ƙera injin na cewa kowa ya nisanta da aƙalla mita 15. Tsakar gidajenmu da yawa ba su kai haka ba, don haka yara su shige ɗaki. Mai aikin ya sa tabarau na kariya da rufaffen takalmi, silifas ba ya tare komai. Sai injin ya huce ake ƙara masa fetur, kuma don Allah a daina ajiye fetur a robar lemo inda yaro zai gani.

In ƙafa ce ta yanke, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. Wanda ya wuce shekara 5 bai yi allurar tetanus ba, ya je a yi masa.