Rigakafin Kwamfutar Gida Haƙƙi Ne Na Maƙwabtaka

Ba da ka masana na'ura mai ƙwaƙwalwa suka ari kalmar bairos daga ilimin halittu ba. Ƙwayar bairos ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ko dabba, ta tilasta mata ta riƙa ƙera mata 'ya'ya. Haka muguwar manhaja take yi wa kwamfuta: ta shiga, ta mallake ta, sannan ta yi amfani da ita wajen harbin wata. Tun a 1986 aka ga haka, lokacin da wata manhaja mai suna Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan, ta bazu zuwa ƙasashe masu nisa ta hanyar faifan da ake ba juna aro. A ganina, darasin da likitoci suka koya game da annoba shi ne ya kamata mai kwamfuta a gida ya koya, wato wanda ya ƙi rigakafi ba kansa kaɗai ya cuta ba.

Mai karatu zai iya cewa, "To, ni me na mallaka da ɓarawo zai yi sha'awa?" Amsar ita ce, sau da yawa masu kutse ba dukiyarka suke nema ba, na'urar taka suke so ta zama baiwarsu. Alal misali, a watan Oktoba na 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubun-dubatar kyamarori da akwatunan rarraba intanet na gidaje, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 waɗanda masana'antu kan saka wa kayansu, masu saye kuwa ba su canza ba. Da wannan runduna aka kai wa kamfanin Dyn hari, har jama'a da dama a Amurka suka kasa shiga Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Masu kayan ba su san da su aka yi wannan ta'adi ba, tamkar mai ɗauke da cuta wanda ba ya jin ciwo, amma yana yaɗa ta a kasuwa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace manhaja tana da tsaga, kuma sabuntawar da kamfani ke aikowa ita ce yaɓen da ke toshe ta. Ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman fansar dala 300 daga kowa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaici shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan tsaga tun watan Maris. Allura tana nan, amma ba a yi ta ba.

Haƙiƙa akwai uzuri. Data tana da tsada, wutar lantarki ba ta tsayawa, manhajar asali kuwa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. Shi ya sa kwafin sata ya yawaita a kasuwanninmu, aka kuma saba kashe sabuntawa don tattalin data. Sai dai araha ba ta ado. Kwafin sata kan zo da cuta a cikinsa, kuma ranar da aka kulle wa ɗalibi kundin bincikensa na shekara uku, ko aka kwashe asusun bankin mai gida, sannan za a gane wanne ya fi tsada. Bugu da ƙari, an daina aiko wa Windows 7 gyara tun Janairun 2020, wa'adin tallafin Windows 10 ma ya cika a Oktoban 2025. Wanda na'urarsa ba za ta ɗauki sabo ba yana iya komawa Linux, wadda kyauta ce.

Sauran matakan ba sa cin ko kwabo. A bar manhajar tsaro da ta zo da Windows a kunne. A canza kalmar sirrin akwatin intanet ranar da aka saye shi. Kowane asusu ya sami tasa kalmar, doguwa, tare da lambar tabbatarwa ta biyu. A binciki kowace filashi da ta kwana a shagon buga takardu kafin a buɗe ta, kada kuma a taɓa maƙalar saƙon da ba a san mafarinsa ba. Muhimman bayanai kuwa a kwafe su a wata ma'ajiya da ake cirewa a ajiye gefe, domin wanda yake da kwafi ba ya biyan fansa.

A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da cutar agana daga doron ƙasa, kuma rigakafin gida-gida ne ya kawo wannan nasara. Ba za a kawar da masu kutse baki ɗaya ba, amma duk kwamfutar da aka yi wa rigakafi ta rage musu soja ɗaya. Saboda haka, kafin ka kashe na'urarka yau da dare, ka duba ranar da aka sabunta ta a ƙarshe.