Filin Sana'a: Ajiyar albasa da lissafinta

A fadamar Tarka, wajen Madawa da Karofan, da kuma Tamaske ta ƙasar Keita, albasa tana araha lokacin cira, watannin Maris da Afrilu. Bayan damina sai ta yi tsada, manyan motoci suna ɗaukarta zuwa Abijan da Akara. Don haka mutane da yawa ke zuba ta cikin rudu su jira. Sana'a ce mai kyau, amma tana cin jarin wanda bai yi lissafi ba.

Ga misali. Mutum ya sayi buhu 20, kowane jikka 10. Jarinsa jikka 200 ke nan. Bayan wata 5 ya buɗe rudu. Wata ta ruɓe, wata ta tsiro, sauran ta sha iska ta rage. Ya auna, buhu 14. Ya saida kowane jikka 25, ya karɓi jikka 350. A bakin kasuwa ana cewa ya ci ribar jikka 150, har ƴan uwa sun fara zuwa gaisuwa.

Amma akwai gyaran rudu, da buhunan wofi, da ladan masu tsinta, da amalanke, da la'adar dillali. A ce jikka 40. Ribar gaskiya jikka 110 ce. In ya kashe 150 a biki, ya ci jikka 40 cikin uwar kuɗi bai sani ba. Baɗi buhu 16 kawai zai iya saye.

Nan karatun manya ke da amfani. Mai ajiya ya samu kaye da bik. Shafin hagu, abin da ya fita. Shafin dama, abin da ya shigo. Ko dala 20 ya ba yaro, ya rubuta a ranar, don kai yana mantuwa. Bashi ma haka: suna, da rana, da yawan buhu, gaban shaidu, ko da mai karɓa suruki ne.

Tun wurin saye ya lura. Albasar da anka cika wa takin zamani, ko anka shayar har ranar cira, ba ta jimre ajiya. Ya zaɓi mai busasshen wuya, marar rauni. Duk mako 2 ya shiga rudu ya fidda ruɓaɓɓu, ya rubuta yawansu cikin kayen.