Ƙirƙirarriyar basira a wurin aiki: a Tsauni, dala ba ta Amurka ba ce

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, manyan kamfanoni a duniya ke saka ƙirƙirarriyar basira cikin aikin yau da kullum. Bankuna na amfani da ita wajen gano zamba, kamfanonin waya kuma wajen amsa koke-koken abokan ciniki. Ma'aikacin ofis a Yamai ko Damagaram da ke da kwamfuta da Faransanci na iya sa ta tsara masa wasiƙa ko rahoto cikin mintuna.

A ƙaramar hukumar Tsauni da ke gundumar Kantche, kusa da Matameye, ciniki ba haka yake tafiya ba. Mai sayar da rake ko gero yana yanka farashi ne da baki, ko ta saƙon murya a WhatsApp, kuɗi kuma su bi ta Nita ko Amana. Rubutu ba ya shigowa sai an zo neman bashi, ko takardar ƙungiyar manoma, ko tallafin wata ƙungiyar agaji. A nan ne ake neman mai rubutu, wato malamin makaranta, sakataren ƙungiya ko matashin da ke buga takardu, kuma ta hannunsu na'urar za ta fara shiga harkar ɗan kasuwa.

Amfanin a fili yake: takardar da a da ake biyan kuɗin mota a je birni a rubuto tana iya fitowa daga waya. Haɗarin kuwa yana cikin harshe. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, amma Hausar da ta fi yawa a intanet ta jaridu da rediyo ce, inda "dala" ke nufin kuɗin Amurka. A kasuwar Matameye dala sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1000. Na'urar da aka ba lissafin ɗan kasuwa ta juya shi zuwa Faransanci na iya mai da dala ashirin kuɗin Amurka, ta kuma rubuta shi da tsaftataccen Faransancin da ba zai sa kowa shakka ba. Haka ma tiya, wadda ba kilo ba ce. Babban kamfani na da akanta da zai kama kuskuren. Ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa ba ta da shi, kuma ita ce za ta dangwala hannu.

Kundin da hukumomin Nijar suka amince da shi a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan fassara tsakanin kasuwa da ofis za ta ci gaba, kuma ita ce aikin da ake saurin miƙa wa na'ura.

Sai batun wuta da layi. Yanke wutar da Najeriya ta yi a watan Agustan 2023 ya nuna raunin lantarkin ƙasar, kuma ko da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, kuɗin kayansa ya fi ƙarfin mai tebur a kasuwa. Cibiyar kira ta RECA, wadda ke amsa tambayoyin manoma da Hausa da Zabarmanci ta waya da WhatsApp, ta fi kusa da yadda mutanen Tsauni ke aiki, domin da murya ake tambaya, kuma mai amsawa ya san nawa ne dala.