Sabulun Toka da Takardar Jarrabawa

Wata daliba 'yar aji shida na sakandare, 'yar maƙwabcina, ta zo mini da littafinta bayan sallar isha'i domin in saurari haddarta. Ni malamin firamare ne, kemistirin da na sani bai wuce wanda na ɗebo a kwalejin ilimi shekaru da dama da suka wuce ba, amma na karɓi littafin. Ta karanto mini shafi biyu na sauye-sauyen sinadarai ba tuntuɓe ko ɗaya. Da ta kai ga yadda mai ke haɗuwa da alkali ya zama sabulu, sai na tambaye ta ko ta taɓa ganin an yi hakan. Ta ce a'a, makarantarsu ba ta da kayan gwaji. Alhali kakarta ta shekara arba'in tana tace ruwan toka tana dafa shi da man kaɗe a tsakar gidan da yarinyar ta tashi.

Wannan shi ne abin da ya sa muka keɓe sharhin wannan fitowa ga batun da wasu za su ce ba hurumin ƙungiya ba ne. Jarrabawar WAEC tana tafe, NECO na biye da ita, kuma daga cikin darussan da suke kayar da 'ya'yanmu akwai sashen kemistiri da ke magana a kan sinadaran kabon, wanda ɗalibai ke kira oganik. Sashe ne da ake isa gare shi can ƙarshen manhaja, saboda haka duk makarantar da ta yi asarar zango, shi ne yake fara zubewa. Mu kuwa a Birnin Gwari asarar da muka yi ta fi zango. Yaran da za su zauna jarrabawa bana sun shiga sakandare ne a daidai lokacin da annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga firamaren Rama suka tafi da malamai uku, 'yan'uwanmu a wannan aiki. A watan Maris na 2024 aka kwashe yaran Kuriga a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Tsakanin waɗannan, makarantun ƙauyuka nawa ne suka koma kufai, malaman kimiyya nawa ne suka nemi canjin wurin aiki? Kowa a cikinmu yana da lissafinsa. Sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024 ya buɗe hanya, ya buɗe kara, amma bai mayar wa yaro darasin da ya wuce shi ba, kuma mai tsara tambayoyin jarrabawa bai san dajin Kamuku ba, balle ya yi mana rangwame.

Yaron da lokaci ya ƙure masa abu biyu yake yi. Ko dai ya haddace abin da bai fahimta ba, ko ya nemi satar amsa. Ta biyun ba ma buƙatar dogon bayani a kanta: malamin da ya sa hannu a ciki ya ci amanar aikinsa, kuma uban da ya biya kuɗin irin cibiyoyin nan da ake rubuta wa yara amsa a allo ya sayo wa ɗansa takardar da za ta tona masa asiri a shekarar farko ta makarantar gaba. Ta farkon ce ta fi damunmu, domin yaran kirki ne suke faɗa mata. Hadda abu ce mai daraja a wurinmu, da ita muka tashi, sai dai mai tambaya yakan sauya sunan sinadari ɗaya kawai, ya sa mai kabon uku a gurbin mai kabon biyu, nan take wanda ya dogara da hadda ya rasa inda zai dafa.

Gaskiyar magana ita ce, sauye-sauyen nan ba su da yawa kamar yadda littafi yake nunawa, kuma sarƙa ce guda. A fara daga masarar da muke nomawa. Sitacin da ke cikinta yakan narke ya zama sukarin gulukos. Yis ya ci gulukos ya fitar da etanol da iskar kabon dayoksaid, iskar da take kumbura ƙullin fanke da burodi. Idan etanol ya sami iskar oksijin ya zama asid na etanowik, wato tsamin binega. Idan aka haɗa wannan asid da etanol, aka ɗiga musu asid na salfa mai ƙarfi aka ɗumama, sai a sami esta mai ƙamshin 'ya'yan itace. Man kaɗe da man gyaɗa da manja duk dangin esta ne, kuma idan aka dafa su da alkali sukan rabu gida biyu, sabulu da gilisarol. Abin da kakar yarinyar nan take yi ke nan, domin ruwan toka alkali ne. Matakai biyar, a shafi ɗaya, kowanne da abin da ido ya taɓa gani.

Haka ma dangin nan uku masu sunaye kamar 'yan gida ɗaya, alken da alkin da alkain, waɗanda wasali guda ya raba su har yara ke rikita su. Bambancinsu yana ga igiyar da ta ɗaure kabon da kabon: ɗaya, biyu ko uku. Mai igiya ɗaya a ƙoshe yake, ba ya karɓar baƙo sai ya sallami wani. Mai igiya biyu ko uku yana da gurbi, shi ya sa yake haɗiye buromin har launin ruwan ya ɓace, shi ya sa kuma ƙwayoyin etin ke kama hannun juna su zama ledar da ta cika mana kwatoci. Mai walda a bakin tasha da yake zuba ruwa a kan kabaid yana haɗa iskar etain ne, ta dangi na uku. Har takin yuriya da muke jira kowace damina yana da gurbinsa a tarihin wannan fanni, domin a 1828 ne Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa shi a ɗakin gwaji, lokacin da ake zaton jikin mai rai ne kaɗai ke iya samar da irinsa. Ba muna cewa a ba yara kabaid ko asid su yi wasa a gida ba, Allah Ya kiyaye. Amma ɗigon aidin a kan gutsuren rogo, a ga ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, bai fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Me ya sa abin ya dame mu haka? Domin ba a shiga makarantar koyon jinya ko ungozoma, balle likitanci da haɗa magunguna, sai da kiredit a kemistiri. Mun ga yadda ma'aikatan lafiya da aka turo daga nesa suka riƙa gudun wannan yanki a shekarun tashin hankali, kuma ba mu zarge su ba. Wanda zai zauna a asibitin ƙauye a nan, ɗan nan ne. Duk yarinyar da oganik ya kayar bana, wata ungozoma ce da matanmu ba za su samu ba.

Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna da ta turo malaman kimiyya zuwa makarantun wannan ƙaramar hukuma tare da alawus da zai sa su zauna, ta kuma kawo kayan gwaji tun kafin ranar jarrabawar aiki da hannu, domin yaro ya riƙe kwalbar gwaji kafin ranar da za a ba shi maki a kanta. Wannan haƙƙi ne, za mu ci gaba da nemansa. Sai dai jarrabawar bana ba za ta jira takardar ma'aikata ba.

Iyaye kuma, mun san lokacin jarrabawa yana faɗowa daidai da saukar ruwan shuka, mun kuma san shekarun da aka yi ana kallon gona daga nesa. Duk da haka a ɗaga wa ɗan aji shida ƙafa na 'yan makonnin nan, 'ya mace a rage mata aikin gida.

A cikinmu malaman firamare akwai waɗanda suka karanta kemistiri ko haɗaɗɗiyar kimiyya a kwaleji, suna koyar da ƙidaya a aji biyu, ilimin yana kwance. Azuzuwanmu a rufe suke ranar Asabar. Shawararmu ita ce reshe ya nemi izinin sakataren ilimi a buɗe aji ɗaya a kowace gunduma da hanya ta ba da hali, a haɗa waɗannan malamai da takwarorinsu na sakandare, a yi bita kyauta da tambayoyin shekarun baya daga safe zuwa azahar, yadda kowa zai koma gida da rana. Wanda yake da niyya ya ba wakilin makarantarsa sunansa da darasin da ya karanta kafin taron reshe mai zuwa, wanda kuma yake da tsohon littafin kemistiri a ƙasan akwati ya kakkaɓe shi ya taho da shi.