Sankarar maƙogwaro: Bayan an ceto rai, wa zai maido da murya?

Ga ɗan kasuwa da malamin makaranta, murya jari ce. Shi ya sa sankarar maƙogwaro take yi wa mai ita ɓarna biyu: tana barazana ga ransa, maganinta kuma yana iya raba shi da hanyar cin abincinsa.

Tun shekarar 1873 likita Theodor Billroth ya fara cire akwatin murya gaba ɗaya a birnin Biyana. Idan aka yi irin wannan tiyata, majinyaci zai riƙa numfashi ta wata ƙofa da ake buɗe masa a wuya har ƙarshen rayuwarsa. Idan kuma cutar ta ci hanyar abinci, dole a sake gina ta. Likitoci kan ɗebo fata daga hannu ko cinya, ko wani yanki na hanji, su dasa a wurin, sannan su ɗinke ƙananan jijiyoyin jini da taimakon madubi mai ƙara girman abu. Inda babu waɗannan kayan aiki, akan juyo tsokar ƙirji a rufe gurbin. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sanyawa tsakanin hanyar iska da ta abinci, wadda ke ba mutum damar sake magana, sai dai ana sauya ta lokaci zuwa lokaci, kuma daga waje ake shigo da ita.

A nan gizo ke saƙar. Asusun tallafa wa masu sankara na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, amma har yau akasarin 'yan Najeriya daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti. Iyalin da suka sayar da kadara aka cire cutar, da wuya su sami na sake ginin da na koyon magana.

Ya kamata hukumar inshorar ta lissafa cirewa, sake gini da maido da murya a matsayin magani guda. Ga jama'a kuwa, shan taba da barasa su ne manyan musabbaban cutar. Duk wanda muryarsa ta dishe fiye da mako 3, ya garzaya wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, domin idan aka gano ta da wuri, sau da yawa ana warkewa ba tare da an rasa murya ba.